Allon Kwamfuta Mai Ɗaukewa Yana Dawowa: Jawabi Ga 'Yan Kasuwar Kwararafa

 

Jama'a, mu ba injiniyoyi ba ne. Abin da ya same mu a shago ne muka ga ya kamata mu faɗa. Tun gobarar kasuwar Terminus ta 2002, da yawanmu mun san ba kaya kaɗai wuta ke ci ba, har da littafin bashi. Shi ya sa muka sayi tsohuwar kwamfutar tebur, irin ta hannu, muka zuba lissafinmu a ciki.

To, a hunturun bara sai allonta ya soma wasa da mu. Yanzu yana nunawa, anjima ya yi baƙi ƙirin, can kuma ya dawo. Ranar da ya fi ba mu kunya, wani abokin ciniki ne ya zo biyan bashi, ya ce dubu 40, mu muna tuna 60, allo kuwa ya ɗauke. Wani mai gyara ya ce ta mutu, a sayi sabuwa. Ashe waya ce kawai.

Ga abin da muka koya. A fara da mai araha.

Na farko, wayar da ta haɗa allo da akwati, mai shuɗin kai, wadda ake kira VGA. Allurai 15 gare ta da kusoshi biyu na ɗaurewa. A taɓa ta a hankali. In launi ya canza, ya koma ja ko ruwan ɗorawa, ko hoto ya ɗauke, to ko ta saki, ko allura ta lanƙwashe, ko ta karye a ciki. A ɗaure, in ta ƙi a canza.

Na biyu, a ari allon maƙwabci a jona. In ya zauna lafiya, naka ne ke da ciwo. In shi ma ya yi, to laifin yana cikin akwati ko wuta.

Na uku, wutar kanta. Bolt 230 ya kamata ta kai, amma kun san yadda take zuwa, balle ta janareto. In allo na rawa daidai lokacin da aka kunna firji ko dutsen guga, a raba musu soket, a sa sitabilaiza. Da damina kuma, kun san tsawar Jos, hadari na haɗuwa a zare filogi.

Na huɗu, ƙura. In sai ta yi kamar awa guda tana aiki sannan ta fara, zafi ne. Kada sanyin garin nan ya ruɗe mu, ƙurar hunturu na toshe fanka, ciki ya ɗau zafi. A zare wuta, a buɗe akwati, a hure. A ciro RAM, a goge bakinsa mai ruwan zinariya da kilinar fensir, a mayar ya zauna daram. In akwai katin hoto, shi ma a zaunar da shi. Wanda hannunsa bai saba ba, ya kira wanda ya iya, amma ya tsaya a kansa.

Gargaɗi, don Allah: tsohon allon nan mai ƙaton ƙeya irin na talabijin, kada kowa ya buɗe shi, kada a bar yara su buɗe. Yana riƙe wuta mai kisa ko an zare shi.

A ƙarshe, lissafi ba a allo yake ba, yana cikin akwati, don haka kada a sayar da ita ga 'yan gwangwan cikin fushi. A kwafe a filas kowace Juma'a, a ajiye a gida. Bashi kuwa, ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a rubuta shi. Mu yanzu mun koma rubutawa a takarda ma, kowa ya sa hannu. Da muka canza waya, 60 muka gani, mutumin ya biya, muka rabu lafiya.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da Jos lafiya. Wassalamu alaikum.