Fiɗar Ƙara Girman Nono: Abin da Mace Za Ta Tarar

Maganarmu ta yau ta mata ce, amma kada maza su tashi, domin sau da yawa saboda su ake yin abin, da kuɗinsu kuma. Za mu yi magana ne a kan fiɗar da likitoci ke yi don ƙara wa mace girman nono. Wata don ado take nema, wata kuwa ciwon daji ne ya sa aka yanke mata nono, tana son a mayar mata da siffarsa.

To, 'yar'uwa, ga yadda ake yi. Za a sa ki barci da magani. Sa'an nan likita ya tsaga ɗan wuri, ko a ƙarƙashin nono, ko a gefen baƙin nan da ya kewaye kan nono, ko a hammata. Ta nan zai cusa wata 'yar jaka mai taushi, ya zaunar da ita bayan naman nono ko ƙarƙashin tsokar ƙirji, kana ya ɗinke. Jakar iri biyu ce. Akwai mai ruwan gishiri, akwai mai silikon, watau wani abu mai kauri da danƙo. Aikin yakan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu. Likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, su suka fara sa wa mace jakar silikon a birnin Houston na Amurka cikin 1962.

In kin farka za ki ji ƙirjinki ya ɗaure tamau, ga kumburi, ga zafi. Wannan ba abin tsoro ba ne, yakan ragu a hankali. Za a ba ki rigar nono ta musamman ki riƙa sawa dare da rana. Bayan mako ɗaya ko biyu kya iya ƙananan ayyuka, amma daka, da jan ruwa a rijiya, da ɗaukar kaya mai nauyi, sai an yi kamar mako shida. Tabo kuwa yakan dushe, amma ba ya ɓacewa. In zazzaɓi ya kama ki, ko wurin ya yi ja yana fid da mugunya, ko nono ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya fi ɗan'uwansa, kada ki kwana a gida, koma asibiti.

Yanzu ga abin da ya sa na zaɓi wannan magana, ki kasa kunne da kyau. Jakar nan ba ta zama har iyakar rai. Wadda aka sa wa tana da shekara 25, lalle ta sa a ranta watakila za a sāke tsaga ta, ko sau ɗaya ko fiye. Dalili kuwa, jiki ya san baƙo. Yakan saƙa wata fata ya kewaye jakar, wani lokaci fatar ta tsuke ta matse ta, nono ya taurare, ya karkace, yana ciwo. Har wa yau jakar takan fashe. In mai ruwan gishiri ce nono zai sace, a gani da ido, jiki kuma ya shanye ruwan. Mai silikon ita ce munafuka, takan fashe shekaru mace ba ta sani ba. Saboda haka hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawara a ɗauki hoton nono a asibiti bayan shekara 5 ko 6, daga nan kuma kowace shekara 2 ko 3. Duk wannan kuɗi ne, masu talla kuwa ba su cika faɗa ba.

Jakunkunan ma ba duka ke da kyau ba. Cikin 2010 aka hana sayar da na kamfanin PIP a Faransa, don an gane silikon da ba na asibiti ba ake zubawa ciki. Cikin 2019 kamfanin Allergan ya janye wasu masu kaushin baya, saboda wani ciwon daji da ba safai ake samunsa ba, wanda ke tasowa a fatar nan da ta kewaye jaka. Don haka ki karɓi takarda mai sunan jakar da lambarta, ki adana.

Maganar shayarwa fa? Mata da yawa suna shayar da 'ya'yansu bayan fiɗar, amma wasu ruwan nononsu yakan ƙaranta, wasu kuma kan nono ya daina ji. In kina sa ran haihuwa, gaya wa likita tun kafin ya zaɓi inda zai tsaga. Ni dai a ganina, wadda ba ta gama haihuwa ba, jira ya fi mata.

Saura abu ɗaya. In wani ya ce zai yi miki allurar silikon ko ta mai a nono, a ɗaki ko a shago, ba tsagawa, kuɗi kaɗan, ki guje shi. Abin yakan watsu cikin nama ya dunƙule, in ya shiga jini ya kai huhu yana kisa, fitar da shi kuwa wani lokaci sai an yanke naman nonon.