Amsoshin Takardunku: Rikodar Motata Lafiya Lau Take, Kaset Ne Babu

Takardar da za mu fi daɗewa a kanta yau ta fito ne daga Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Ɓaure ta ƙasar Daura, can bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar. Wani direba ne ya aiko ta. Bayan gaisuwa ya ce yana da Peugeot 504 doguwa wadda ya gada daga mahaifinsa, da ita yake jigilar mutane da kaya zuwa Ɓaure da Zango da Daura, ran Lahadi kuma kasuwar Mai'aduwa. Ya ce rikodar da ta zo da motar har yau tana aiki, sai dai kaset ɗinsa duk sun tsinke, a kasuwa kuma babu mai sayar da sababbi. Karatu da waƙoƙin da yake so duk suna cikin wayarsa. Shi kuwa mai sammako ne, in babu abin da ke magana a mota gyangyaɗi ke ɗaukarsa. Ya je wajen wani mai wayarin, wato rewaya, an ce masa a fizge rikodar a yanke wayoyi a sa sabuwa. Hankalinsa bai kwanta ba, shi ne yake tambaya ko akwai wata dabara.

To Malam, akwai, ba ma ɗaya ba. Kuma ka yi daidai da ba ka bari an kai wa wayoyin nan almakashi ba tukuna.

Mu fara da motar kanta. Irin taka a Kaduna aka riƙa harhaɗa su, a kamfanin Peugeot da ya soma fitar da motoci a 1975, aka ci gaba da yin 504 ɗin har wajen 2006. Kaset kuwa kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Ka ga duk abubuwa ne na lokacin da ba a san wayar hannu ba. Amma abin da mutane ba su lura da shi ba, rikodar mota ƙungiya ce ta abubuwa uku: akwai ɓangaren da ke karanta kaset, akwai mai kamo tashar rediyo, akwai kuma mai ƙara ƙarfin sauti ya tura wa lasifika. Na ukun nan bai damu da inda sauti ya fito ba. Aikinmu kawai shi ne mu nemo ƙofar da za mu shigar masa da sautin wayarka.

Ƙofa ta farko ita ce bakin kaset ɗin. Akwai wani abu da aka ƙera kamar kaset sak, sai dai babu zare a cikinsa, kuma yana da wutsiya, wato 'yar waya mai kai irin na abin sauraro na kunne. Ka tura shi cikin rikoda kamar yadda ka saba, ka soka wutsiyar a wayarka, shi ke nan. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe da ke mannuwa da kan rikodar ya miƙa masa sautin, rikoda kuwa tana zaton kaset take ci. Ba a kwance komai, ba a yanke komai. Sai dai ka fara duba wayarka ko tana da ramin. Yawancin Tecno da Itel da muke riƙewa suna da shi, amma iPhone tun 2016 suka daina sa shi, wasu kamfanonin ma suka bi sahu. Sannan kafin ka zargi abin da ka saya, ka sami auduga da ɗan sifirit ka goge kan rikodar, don ƙurar hunturun shekara da shekaru tana nan daskare a kai. In rikodarka mai juya kaset da kanta ce, wani lokaci za ka ji tana ƙaƙas-ƙaƙas tana juyawa ba tsayawa, ko ta tofo shi waje. Ba lalacewa ta yi ba, ta ɗauka zare ya ƙare ne. Mai gyaran rediyo yana iya buɗe kaset ɗin ya daidaita 'yan haƙoran da ke ciki.

Ni dai ba wannan zan zaɓa maka ba. Robar da ke juya kaset a rikodar da ta shekara talatin ta riga ta gaji, kuma kullum sai ta yi ta juyi a banza.

Ƙofa ta biyu, wadda na fi ganin ta dace da kai, ita ce ta rediyo. Akwai 'yar na'ura da ake sokawa a ramin kunna taba na gaban mota. Ita kanta ƙaramar tashar rediyo ce, sai dai muryarta ba ta wuce 'yan taku kaɗan. Tana karɓar memori, tana karɓar filash, tana kuma haɗuwa da waya ta Bluetooth ba tare da igiya ba. Af, wannan suna Bluetooth laƙabin wani sarki ne da ya mulki ƙasar Denmak sama da shekara dubu da suka wuce, masu ƙirar suka ara. Yadda ake yi, ka kunna rediyonka a zangon FM, wanda ya tashi daga 87.5 zuwa 108, ka nemi inda babu kowace tasha sai shuuu. Ka duba lambar wurin, ka sa na'urar a kan wannan lamba daidai. Nan take shuuu ɗin zai ɗauke, abin da ke cikin memori ya fito ta lasifikan mota.

A nan ku mutanen karkara kun fi na birni sa'a. A Babban Mutum wuraren da babu tasha suna da yawa, ko da yake kuna kamo na gida kuna kuma kamo na tsallaken iyaka wajen Magarya. Amma ranar da ka yi lodin Kano, tun kafin ka shiga gari za ka ji wata tasha ta hau kan taka, don can tashoshi sun yi yawa, kuma mai ƙarfi ke danne marar ƙarfi. Sai ka tsaya ka sake lamba. Ka fi neman can farkon zangon ko can ƙarshensa. Idan rediyonka mai allura ce ba mai rubuta lamba ba, kamar yawancin na 504, sai ka sa na'urar tukuna tana waƙa, sannan ka murɗa a hankali har ka kamo ta. Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka kuma su lura: rediyonsu tsalle take yi, daga 88.1 sai 88.3 sai 88.5, ba ta tsayawa a 88.2. To sai a zaɓa wa na'urar lambar da rediyon ke iya tsayawa a kai.

Abu biyu zan ja maka kunne a kai. Na ɗaya, a wasu motocin ramin tabar nan yana da wuta ko an zare makulli. Ka gwada: kashe mota, zare makulli, in fitilar na'urar ba ta mutu ba, to ka riƙa cire ta in za ka kwana. In ba haka ba, motar da ta yi kwanaki a ajiye da tsohon batir, ranar kasuwa da asuba sai an nemo masu turi. Na biyu, in ka soka ka ga babu wuta sam, galibi fis ne ya ƙone. A sa wani mai lamba irin ta wanda aka cire. Kada ka yarda a naɗa takardar sigari mai ƙyalli ko a sa guntun waya a madadinsa. Fis an yi shi ne don ya mutu a madadin mota. In ka hana shi mutuwa, wayoyi ne za su yi zafi a bayan dashbod inda ido ba ya gani, kuma mota mai ɗauke da mutum tara da jarkar fetur a baya ba wurin wannan ganganci ba ce.

Wani Alhaji mai babbar motar ɗaukar shanu shi ma ya taɓa yi mana irin wannan tambaya. Alhaji, naka da bambanci. Ƙananan motoci wutarsu bolt 12 ce, manya kuwa yawanci 24. Ka karanta jikin kwalin. In ba a rubuta 12 zuwa 24 ba, kada yaronka ya soka ta, hayaƙi kawai za ku gani.

Yanzu ga inda aka fi kawo mana kuka, wato memori. Mutum zai je wajen masu turi a kasuwa a cika masa, ya zo mota ta ƙi karantawa, sai ya ce na'ura jabu ce. Sau da yawa ba laifinta ba ne. Waɗannan na'urori MP3 suka sani. Karatu ko wa'azin da aka turo maka ta WhatsApp, musamman wanda aka ɗauka da murya kai tsaye, a wani tsari daban yake, na'urar sai ta tsallake shi kamar babu. Ka ce wa mai turi ya mayar maka da shi MP3, ko kuma ka saurare shi daga waya ta Bluetooth, don duk abin da waya ta iya buɗewa zai fito. Kada kuma ka sayi memori mai girman da ya wuce gig 32, yawancinsu ba sa ɗauka. Gig 8 ma ya ishe ka, domin minti ɗaya na waƙa kusan meg ɗaya yake ci, ka ga ke nan ya ɗauke abin da ya fi kaset 80 na minti casa'in. In karatun Alƙur'ani ne, a sa wa surorin lamba 001, 002, 003, a kuma tura su bi da bi, in ba haka ba sai ka ji an tashi daga Baƙara an faɗa Tabara. Ni kaina na taɓa sayen memori a wata tasha, an rubuta 32 ɓaro-ɓaro a jiki, araha kamar kyauta. Aka tura mini kaya har ya nuna ya cika. Da na hau hanya, na farko-farko suka yi, sauran duk wayam. Ƙaramin memori ne aka yi wa rubutun babba. Tun daga ranar nake sa a gwada mini na ƙarshe kafin in biya.

Ku da ke bakin iyaka akwai ƙarin dalilin riƙe memori. Waya takan saki layin gida ta kama na Nijar ba tare da ka sani ba, in kuwa kana sauraro ta intanet a lokacin, kuɗin katinka ne zai tafi.

Akwai ƙofa ta uku, ta masu gyaran rediyo. Suna da wani ɗan allo mai ramin memori da filash da Bluetooth, wanda suke liƙawa da dalma a cikin rikodar, a daidai inda sautin kaset ke shiga wajen maɓallin ƙara murya. In aka dace da gwani, wannan ya fi duk sauran fitar da sauti garau, don babu tashar da za ta hau kansa. Amma ka tambaye shi allon na bolt nawa ne. Akwai na 5 akwai na 12, mota kuwa in tana tafiya wutarta takan kai 14. Na 5 in ba a sa masa abin rage wuta ba, ba zai kai ka Zango ba. In kuma bayan an gama ka ji wani siririn kuka yana tashi duk lokacin da ka taka totur, wutar injin ce ke shiga sautin, a koma a gyara wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Masu Golf da Toyota da Honda na wajen ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama, da yawa rediyonsu na da wani rami a baya da aka tanada don akwatin faifan CD, akwai kuma na'urar da ake sokawa nan ba tare da an yanke komai ba. Sai dai ku yi hattara: rediyon wasu motocin Turai in aka raba ta da batir takan kulle, ta Volkswagen har ta rubuta SAFE, ba za ta sake magana ba sai an sa mata lambobinta na sirri. A nemi lambar kafin a kwance.

Shawarar rewayanka ta a sa sabuwa ba haramun ba ce, ita ce ta ƙarshe in rikodar ta mutu murus. Ko a nan, ramin rediyon yawancin motoci awonsa ɗaya ne, faɗi milimita 180 tsayi 50, sabuwa za ta zauna ba sai an fasa dashbod ba. Ka tsaya a kansa ya sa fis, ya naɗe kowane haɗi da kyau, ya kuma ba ka tsohuwar ka kai gida.

Ka ce akwai sauran kaset guda shida na mahaifinka da ba su tsinke ba, har da na Mamman Shata. Shata dai a nan Daura aka yi masa sutura a 1999, kuma waƙoƙinsa da na Ɗanƙwairo da na Ɗan Maraya ba za su yi maka wuyar samu wajen masu turi ba. Waɗanda nake ji su ne in akwai kaset na wani biki na gidanku, ko wani malami ko makaɗi na nan yankinku wanda babu mai irinsa. Waɗannan kada ka ƙara sa su a mota, rikodar da robarta ta saki cinye zare take yi. Ka kai wa mai kwamfuta ya haɗa rikoda mai lafiya da kwamfutarsa ya juye maka su, ka sa a memori biyu, ɗaya a mota ɗaya a akwati.

Batun gyangyaɗi kuma, Malam, waƙa tana taimakawa amma ba ta biyan bashin barci. In ido ya yi nauyi ka sauka gefen hanya ka wanke fuska ka ɗan runtsa. Ka kuma zaɓi abin da za ka saurara tun kana tasha, ka ajiye wayar. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna kama mai latsa waya yana tuƙi, balle ga shanu da amalanke da 'yan makaranta a hanyar Ɓaure. In ka yi fakin a rana lokacin bazara, cire na'urar ka sa a aljihu, zafin gaban mota yana narkar da robarta.

Wanda ya rubuto daga Sandamu yana tambayar batirin sola da ya daina riƙe wuta, takardarka ta iso, da ita za mu buɗe fili mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.