Yaya Mutum Zai Zama Direban Motar Asibiti?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Wudil, wanda yake jigilar 'yan kasuwa. Ya ce ya kawo ɗan'uwansa Asibitin Nasarawa a nan Kano, wato Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, sai ya ga motar ɗaukar marasa lafiya ta shigo da jiniya, aikin ya ba shi sha'awa. Yana tambaya, wace takarda ake nema? Ya ƙara da cewa shi kam wajen gudu, ba a taɓa wuce shi a hanyar Wudil ba.

To Malam, madalla da wannan tambaya. Bari mu fara da takarda, maganar gudu kuwa za mu dawo kanta.

Abu na farko shi ne lasin na gaskiya. Hanyarsa ɗaya ce: ka shiga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta amince da ita, hukumar da aka kafa a 1988. Daga nan jami'an duba motoci, 'yan Bi'ayo, su jarraba ka, ka biya kuɗi ta hannun hukumar tara haraji ta jiha, sannan ka je da ƙafarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Lasin motar gida daga shekara 18 ake bayarwa, na haya kuwa sai mai shekara 26, kuma da takardar likita ta asibitin gwamnati. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi da hoto ka zauna a gida zai kawo maka lasin, ka yi hattara, na jabu ne, ranar ɗaukar aiki kuma asiri zai tonu.

Lasin aji-aji ne, gwargwadon nauyin mota da irin aikinta. Babu ajin da aka sa wa sunan motar asibiti. Saboda haka wanda zai ɗauke ka, ko hukumar kula da asibitoci ce, ko hukumar kashe gobara, ko asibitin kuɗi, shi zai faɗi ajin da yake so, ya kuma sake gwada ka. Shawararmu, ka nemi horon agajin farko, irin wanda ƙungiyar Red Cross take bayarwa, don sau da yawa direba ne mai kama gado a sa maras lafiya cikin mota. A Ingila ma, bayan lasin, sai mutum ya yi kwas na musamman na makonni kafin a bar shi ya kunna jiniya.

To, sai gudu. Malam, wannan abin da kake alfahari da shi, shi ne zai fara kayar da kai. Ka tuna abin da yake bayanka ba buhun masara ba ne. Mai naƙuda ce, ko wanda ya karye, ga ma'aikaciyar jinya a tsaye tana riƙe da ledar ƙarin ruwa. Birki ɗaya na ba-zata ya isa ya watsar da su. Kuma in ka ninka gudunka sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan ka taka birki sau huɗu yake ninkuwa. Motar kwana-kwana ta fi wuya: lita 1,000 ta ruwa nauyin tan guda ce, in ka sha kwana da ƙarfi ruwan zai tunkuɗo gefe ɗaya, sai ka ga ƙatuwar mota a kwance.

Jiniya kuwa roƙon hanya ce kawai. In ka zo shataletale ko fitilar danja, sai ka rage, ka tabbata mai A-daidaita-sahu da mai kura sun gan ka sun tsaya. In ka buge mutum, jiniya ba za ta cece ka a gaban alƙali ba. Ba a kuma kunna ta don oga ya makara.

Ku kuma 'yan'uwa masu tafiya kasuwa, in kun ji jiniya ku raɓe gefen dama, kada ku bi bayanta a guje. In haɗari ya auku a hanya, lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.