Mai Hannun Jari da Albashin Shugaba

Jawabin da aka gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai na Gezawa



A shekarar 2007 na sayar da gyaɗar da na noma, na haɗa da kuɗin adashe, na sayi hannun jari a wani banki. Da yawa daga cikinmu mun yi haka. A 2008 kasuwar ta faɗi, a watan Agustan 2009 kuma Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. Duk tsawon lokacin nan ana aiko mini da takardar gayyatar taron shekara, amma ban taɓa karanta ta ba, balle in tambayi nawa ake biyan waɗanda ke juya dukiyata. Na ɗauka wannan magana ce ta manya.

Ashe magana ce tawa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a bayyana wa masu hannun jari, a taron shekara, abin da ake biyan manajojin kamfani, ta kuma bar yanke ladan daraktoci a hannun babban taro. Wanda ba zai iya zuwa Legas ba yana da damar cike takardar wakilci, wani ya kaɗa masa ƙuri'a.

Mu duba Amurka. A 2018 masu hannun jarin Tesla suka amince wa Elon Musk da ladan da ƙimarsa ta kai kimanin dala biliyan 56. Wani mai hannun jari tara kacal ya kai ƙara. A Janairun 2024 wata kotu a jihar Delaware ta soke ladan, bisa hujjar cewa daraktocin da suka tsara shi na kusa da Musk ne, kuma ba a yi wa masu ƙuri'a cikakken bayani ba. A watan Yuni suka sake amincewa, kotun ba ta janye ba, sai a Disambar 2025 kotun ƙolin jihar ta mayar masa. An shafe shekara bakwai ana shari'a, kuma tushen rigimar shi ne zargin ƙuri'ar da aka kaɗa cikin duhu.

'Yan'uwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda ake cirar masa wani abu daga albashi zuwa asusun gama kai, shi ma mai hannun jari ne. Alawus ɗin zaman shugabannin asusun daga kuɗin takinmu da na makarantar 'ya'yanmu yake fitowa. Ban zargi kowa ba, kuma mai hidima ya cancanci lada. Roƙona uku ne: a rubuta adadin kowane alawus a raba mana kafin ranar taro, wanda za a biya ya fita yayin ƙuri'a, a shigar da sakamakon cikin littafin taro, a sa hannu.

Wannan kariya ce ga shugabannin kansu, domin abin da aka yanke a fili da wuya ya kai mutum gaban alƙali. Mu da ke koya wa yara lissafi, bai kamata mu ji nauyin neman lissafin kuɗinmu ba.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.