Linzamin Fitila: Zaɓen Akwatin Sarrafa Hasken Dandamali a Ƙasar Yawuri



An nemi mu yi magana a kan wani ɗan akwati da ba ya kai girman faifan tankaɗe biyu, watau na'urar da ake sarrafa fitilun dandamali da ita. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai ƙaramin al'amari ne. To, amma duk ƙungiyar da ta taɓa shirya wasan kwaikwayo a Wara, ko daren waƙa a Yalwa, ko taron faɗakarwa a wani ƙauye na Shanga, ta san cewa kuɗin da ake kashewa a wannan fanni karo-karo ne na mutanen da ba su da shi, kuma in aka yi kuskuren saye sau ɗaya, sai a yi shekaru ba a sake tara irinsa ba.

Kafin mu shiga kasuwa, ya kamata mu dubi inda muke tsaye. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, aka buɗe ta a 1969. Ruwan da ya taru ya ci garuruwa da tsibirai, aka tayar da mutum kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa da sauran mazauna bakin Kwara na wannan masarauta. Injunan da aka kafa an yi su ne don su ba da megawat 760, kuma tun shekarun 1970 wutar take bi ta Birnin Kebbi har zuwa Yamai. Duk da haka, wanda zai kafa dandamali a bakin tafkin nan ba ya yin lissafi da wutar gari. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Ba wannan ne batunmu na yau ba, amma shi ne tushen duk shawarar da za mu bayar: kayan da za mu saya, janareta ne zai ɗauke su, sau da yawa ma ƙaramin nan da ba ya wuce wat 650.

A da, wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar. Fitilar dandamali irin ta dā, wadda Turawa ke kira PAR 64, guda ɗaya tana shan wat 500 ko 1,000, ga kuma akwatunan rage wuta masu nauyi waɗanda ke sa lasifika gurnani. Abin da ya canza lamarin shi ne fitilar LED. A farkon shekarun 1990 wasu masana uku na Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samar da LED mai shuɗin haske, aka ba su lambar Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Da shuɗi ya samu, sai aka iya haɗa shi da ja da kore a fitar da kowane launi daga fitila guda. Yanzu fitilu 8 masu shan wat 50 kowace, jimlarsu wat 400 ne, ba su kai tsohuwar fitila ɗaya ba.

Su waɗannan fitilu suna da yaren da suke ji, sunansa DMX512. Wata ƙungiyar masana fasahar dandamali ta Amurka ce ta tsara shi a 1986, aka gyara shi a 1990, kuma har yau shi ake bi. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Waya ɗaya ce take fita daga akwatin ta shiga fitila ta farko, daga ita ta wuce ta biyu, haka har ta ƙarshe, kamar raƙuman ayari. Cikin wayar akwai hanyoyi 512, kowace hanya tana ɗauke da lamba daga 0, watau duhu, zuwa 255, watau cikakken haske. Kowace fitila ana ba ta adireshi, sai ta riƙa sauraron hanyoyinta kawai: ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, ɗaya ta ƙarfin haske. Alherin da ke cikin wannan tsari shi ne, akwatin kowane kamfani yana magana da fitilar kowane kamfani, saboda haka kada wani ɗan kasuwa ya ce muku dole sai nasa da nasa.

To, wane akwati za mu saya? Iri uku ne ke gabanmu.

Wanda ya fi yawa a kasuwar Alaba ta Ikko da Sabon Garin Kano shi ne mai hanyoyi 192. Kamfanoni barkatai ke yin sa, wasu ko suna babu, kuma Obey 40 na kamfanin Chauvet ɗan gidansu ne. Yana ɗaukar fitilu 12, kowace da hanyoyi 16, yana da 'yan sandunan ja guda 8, waɗanda za mu kira linzamai, kuma yana iya ajiye tsarin haske har 240. Shi ne mafi araha, masu gyara sun san shi, kuma don daren kiɗa ya wadatar. Amma a san cewa don gidajen rawa aka ƙera shi. Ba shi da babban linzami guda wanda zai sauke hasken dandamali duka sannu a hankali, sai dai maɓallin da ke ɗauke shi gaba ɗaya, kuma a da yawa daga cikinsu, in ka canza tsari da hannu, tsalle hasken yake yi.

Na biyu shi ne mai jeri biyu na linzamai, 12 a sama 12 a ƙasa, irin su Scene Setter mai hanyoyi 24. A nan muke so mu daɗe, domin shi ne zaɓinmu ga masu wasan kwaikwayo. Yayin da jeri na sama ke riƙe da hasken fitowar da ake ciki, mai aiki yana shirya hasken fitowa ta gaba a jeri na ƙasa, in lokaci ya yi sai ya ja manyan linzamai biyu, wannan ya dushe wancan ya taso, da saurin da hannunsa ya ga dama. Ku ɗauka ana nuna tsohuwa tana sallama da gidan da ruwa zai ci. Marubuci bai rubuta daƙiƙa nawa za ta tsaya a bakin ƙofa ba, yau ta yi biyar, gobe ta yi goma sha biyar, gwargwadon yadda ta ji 'yan kallo. Na'urar da aka ɗora wa lokaci ba ta san wannan ba. Ɗan yatsan yaron da ke kallon fuskarta shi ya sani. Har ila yau, abin da ido ke gani a kan allon shi ne abin da ke kan dandamali, don haka ɗalibin sakandare zai koye shi a yammaci ɗaya. Ya fi na farko tsada, gaskiya ne. Wani kuma zai ce hanyoyi 24 sun yi kaɗan, alhali kuwa fitilu da yawa suna iya tarayya a adireshi ɗaya: na dama rukuni guda, na hagu guda, na baya guda. Rukuni 3 masu hanyoyi 4 kowane, 12 ke nan, sun cika jeri ɗaya daidai.

Na uku ba akwati ba ne, kwamfuta ce da manhaja irin QLC+, wadda kyauta ce, da ɗan abin haɗi. Ta fi sauran iyawa nesa ba kusa ba. Illarta ita ce kwamfutar ta mutum ɗaya ce, ranar da ya gama karatu ko aka yi masa canjin wurin aiki, hasken ƙungiya ya bi shi.

Akwai kuma wata jaraba da ke cikin kusan kowace fitila, ita ce a bar ta ta riƙa bin sauti da kanta. Mu dai ba mu ga amfanin wannan ba. Kalangu ba ya hutawa, saboda haka fitilar ma ba za ta huta ba, sai dandamali ya koma walƙiyar damina, mawaƙi yana faɗin magana mai nauyi fuskarsa tana rikiɗa kamar hawainiya. Ban da haka, irin wannan ƙyaftawa tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi akwatin muhimmanci. Jama'a sun zo ne su ga fuska. Tun 1932 wani malami a jami'ar Yale, Stanley McCandless, ya bayyana hanyar haska ɗan wasa daga gaba ta ɓangarori biyu, dama da hagu, daga sama a karkace, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai sanyi. Hanyar tana nan da amfaninta, sai dai mu ƙara da abin da ya shafe mu: shuɗi da kore suna haɗiye baƙar fata, kuma farin da ake haɗawa daga ja da kore da shuɗi yana mai da fuska kamar toka. A nemi fitilu masu ƙwayar fari mai ɗumi ko ruwan zuma. A bakin tafki akwai riba ta biyu, domin ƙwarin dare sun fi rububin fari fat da shuɗi a kan haske mai ja-ja, kuma wanda ya taɓa ganin ɗan wasa yana tofar da ƙwaro a tsakiyar jawabin sarki ya san ba wasa muke yi ba. Don haka in kuɗi ya gaza, a fara da fitilu 4 nagari da akwati mai araha. Akwati mai tsada a kan fitilun banza ɗaura wa jaki sirdin doki ne.

Ba a cinikin biri a sama. Wanda aka aika kasuwa ya sa a haɗa masa akwatin da fitila a gabansa, ya ja kowane linzami daga ƙasa har sama ya ga ko hasken yana tafiya sumul. Sa'an nan ya ajiye tsari guda, ya zare fulogi, ya mayar. In akwatin ya manta abin da aka ajiye, a bar musu kayansu, domin janaretanmu zai mutu a tsakiyar wasa, ba ko wataƙila. Ya kuma zare wayar DMX ya ga halin fitilar: tagari takan riƙe haskenta na ƙarshe, wata kuwa sai ta kama rawa ita kaɗai, ko da yake a wasu ana iya saita wannan. Ya duba bayan akwatin. Ƙananan nan galibi wutar bolt 9 zuwa 12 suke ci ta adafta, kuma wanda aka rubuta masa 12 yana iya aiki da batirin babur, muddin mai gyaran rediyo ya tabbatar da wace waya ce uwa wace ce ɗiya. A sayo adafta biyu, don ita ce ke fara ƙonewa.

Wayar ma tana da nata hukunci. Bakinta iri ɗaya ne da na wayar makirfo, shi ya sa mutane ke musanya su. A gajeren zango takan yi aiki, amma in layi ya yi tsawo sai fitilu su fara ɓari ba dalili. Maganin shi ne wayar DMX ta ainihi, da 'yar toshiya mai om 120 a bakin fitila ta ƙarshe, wadda kowane mai gyaran rediyo a Yalwa zai liƙa muku da dalma. Ƙa'ida ta ce kada a wuce fitilu 32 a layi ɗaya, mu kuwa ba mu kusa da nan.

Saura maƙiya biyu, ƙurar hunturu da raɓar bakin ruwa. Ƙura tana shiga ramin linzamai ta cinye su, laima kuma tana sa tsatsa a bakin wayoyi. Kafinta ya yi wa akwatin gida na katako mai marfi, a naɗe shi da leda in za a shiga jirgin ruwa da shi zuwa tsibiri. A manna takarda a cikin marfin, a rubuta da Hausa adireshin kowace fitila da aikin kowane linzami, kuma kowace shekara a koya wa mutum biyu daga 'yan ajin ƙasa, mace da namiji, kafin manya su fita.

Shugaba, mun ga an ɗaga mana hannu. Akwatunan nan biyu da fitilu 4 suna kan tebur a bayan zaure, bayan sallar la'asar mai so ya zo ya ja linzami da hannunsa.