Kafin a Haɗe Rumbunan Bayanai Wuri Guda



Ba sai an ɓata lokaci kan amfanin tara rumbunan bayanai a kan uwar garke guda ba. Duk wanda ya taɓa biyan lasisin Oracle, ko ya sayi man dizal don sanyaya ɗakin da rabin kwamfutocinsa ba sa aikin komai, ya san amfanin. Rigimar tana wajen tsari. Jami'anmu da sayen na'ura suke farawa, domin nan kwangila take, gwaji kuwa sai in lokaci ya rage.

A duba bankin TSB na Birtaniya. A Afrilun 2018 ya kwashe bayanan abokan hulɗa kimanin miliyan 5.2 daga tsarin bankin Lloyds zuwa sabon tsarin da bankin Sabadell na Sipaniya ya gina masa, kusan duka a ƙarshen mako guda. Bayanan sun isa lafiya. Tsarin da ya karɓe su ne ya kasa ɗaukar kayan. Mutane har miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka buɗe waya suka ga asusun wani. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumba, al'amura ba su daidaita ba sai Disamba. Asarar ta kai fam miliyan 330, sannan a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Abin da ya fi ciwo shi ne abin da bincike ya gano: cibiyoyin bayanai biyu aka gina, amma a kan ɗaya kawai aka yi muhimmin gwajin ɗaukar cunkoso. Wannan a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan.

Mu kuma da ƙarin matsala. Mutum ɗaya ne, amma Muhammad ne a NIN, Mohammed a BVN, Muhammadu a katin zaɓe, ranar haihuwarsa kuma wani ma'aikaci ya cike masa 1 ga Janairu. Wanda ya ga dattijo a layin gyaran suna, riƙe da takardar rantsuwa daga kotu, ya san irin shirgin da ake shirin zubawa a rumbu guda. Haɗewa ba ta gyara wannan. Yaɗa kuskuren take yi.

Masu cewa a miƙa komai ga kamfanonin gajimare a huta, su fara faɗin da wace dala za a biya. Masu cewa babbar cibiya ba ta faɗuwa, su tuna gobarar Daejeon a Koriya ta Kudu a Satumban 2025, wadda ta tsayar da ayyukan gwamnati 709, ta kuma cinye wata ma'ajiyar fayiloli da ba ta da kwafi.

Don haka a ƙirga kowane rumbu da manhajojin da ke jingine da shi. A auna nauyinsa a ranar biyan albashi, ba ranar Lahadi ba. A tsaftace sunaye tukuna, a ƙaura kashi-kashi, a bar tsohuwar na'ura a kunne har sai sabuwa ta tsallake ƙarshen wata. Kwafi kuma ya zauna a wani gari, kuma a gwada maido da shi a gaban shaidu. Manyan sakatarorin ma'aikatu, kada ku sa hannu a takardar sayen na'ura sai an kawo muku rahoton wannan gwajin.