Jinyar kifin teku cikin akwatin gilashi

Firarmu ta yau bisa kiwo take, amma irin kiwon da ba mu saba gani ba: kiwon kifin teku cikin akwatin gilashi. Za mu ji yadda ake jinyar kifin in ya kamu da ciwo, da yadda ake kiyaye ƙananan halittun da ke zaune tare da shi.

1. Akwatin da ruwanshi

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Kifin da munka sani, kamar tarwaɗa da giwan ruwa, na ruwan daɗi ne, irin na tabkin Madarunfa da tabkin Cadi. Ruwan teku daban yake. Cikin kowace litar guda akwai gishiri wajen giram 35.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, ana aje kifin teku cikin akwatin gilashi don kallo da neman sani. Sunan akwatin akwariyom. A birnin Landan na Ingila anka fara buɗe ma jama'a irin gidan nan, cikin shekarar 1853. A Monako, kusa da Faransa, akwai wani babba da anka buɗe cikin 1910. Wasu mutane kuma suna aje ƙarami cikin ɗakinsu.

2. Maƙwabtan kifi

Ba kifi kaɗai ke cikin akwatin ba. Akwai jatan lande, da ƙaguwa, da katantanwa, da tauraron teku, da murjani. Dukansu ana ce musu marasa ƙashin baya.

Murjani dai kun san shi a wuyan mata. To, murjani na ainihi ba dutse ba ne. Gida ne da wasu ƙananan halittu masu rai ke ginawa cikin teku. Jan murjani na ado daga Bahar Rum yake fitowa. Wanda ake kiwo cikin akwati danginshi ne, daga tekuna masu ɗumi.

3. Ciwon fararen ɗigo

Ciwon da ya fi damun kifin akwati shi ne ciwon fararen ɗigo. Ga alamunshi: fararen ɗigo bisa jiki, kamar an barbaɗa gishiri. Kifin shina goga jikinshi ga dutse. Shina numfashi da sauri. Shina ƙin abinci, shina ɓoyewa.

Wani ƙwaro ne ke kawo shi. Ƙwaron ƙarami ne ƙwarai, sai da madubin likita ake ganin siffarshi. Masana sun raɗa mishi suna Kiriftokariyon cikin 1951.

Halinshi kamar na kaska ne. Kun san kaska tana shan jinin saniya, ta ƙoshi, ta faɗi ƙasa ta yi ƙwai. Haka shi ma. Shina shiga fatar kifi ya ci kwana 3 zuwa 7. Sannan ya faɗi bisa yashi ko dutse, ya rufe kanshi cikin ɓawo. Cikin ɓawon shina rarrabuwa, har ƙwaro guda ya zama wajen 200. In sunka fito, sai su bazu neman kifi. Wanda bai samu kifi ba cikin kwana 1 ko 2, mutuwa zai yi.

Nan ne masu kiwo ke ruɗewa. Ɗigon ya ɓace, sai mutum ya ce kifi ya warke. Bai warke ba. Ƙwaron ya sauka ƙasa ne shina ƙaruwa. In ya komo, da yawa zai komo. In sunka cika wurin numfashin kifi, kifin ya mutu.

4. Maganin wani, gubar wani

Babban maganin ciwon nan daga jan ƙarfe ake yin shi, ana ɗiga shi cikin ruwa. Kaɗan ƙwarai ake so: wajen giram 1 na jan ƙarfe ga litar 5000, wato tano 25 masu litar 200. In ya kasa, ƙwaron ba zai mutu ba. In ya zarce, kifin zai mutu. Don haka kullum ana auna ƙarfinshi da abin awo. Maganin ba ya ratsa ɓawon ƙwaro, sai waɗanda sunka fito yake kashewa. Shi ya sa ake daɗewa ana ba da shi, sati 3 zuwa 6.

To, ku saurara da kyau, ga kan magana. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Jan ƙarfen da ke warkar da kifi, shi ke kashe jatan lande da katantanwa da murjani. Wanda ya zuba shi cikin babban akwati zai iya rasa murjanin da ya yi shekaru shina reno. Kuma duwatsu da yashi suna shanye maganin, su riƙa sako shi daga baya.

Akwai wata hanya: a rage gishirin ruwa daga giram 35 zuwa wajen 15, har sati 3 ko 4. Kifi da yawa suna jurewa, ƙwaron ba ya jurewa. Amma wagga hanya ma tana kashe marasa ƙashin baya. Kuma ba a gama ta da jan ƙarfe, don maganin ya fi cutar da kifi cikin ruwa mai ƙarancin gishiri.

5. Akwatin jinya

Mi za a yi ke nan? A raba su, kamar yadda makiyayi ke ware dabba mai ciwo daga garke. Ana tanadin akwati na biyu, ba yashi, ba dutse, sai guntayen bututun roba inda kifi zai laɓe. Ana sa mishi na'urar hura iska, a riƙa canza wani kashi na ruwan don kashin kifi kar ya ɓata shi. Gidan kamun kifi da bokitin akwatin jinya ba su taɓa babban akwati.

Dukan kifayen ake kwashewa, har waɗanda ba su nuna alama ba. Babban akwati kuwa a bar shi ba kifi ko guda. Ƙwaron ba ya cin jikin jatan lande ko murjani, saboda haka yunwa za ta kashe shi. Amma an taɓa ganin ɓawon da ya kai kwana 72 kafin ya fashe. Shi ya sa masu kiwo da yawa ke jira kwana 76. Wanda ya yi gaggawa, aikinshi ya koma baya.

6. Kula da marasa ƙashin baya

Su ba su son canji na farat ɗaya. In an sayo sabon jatan lande, ana ɗiga mishi ruwan akwati kaɗan kaɗan, wajen awa guda, kafin a sake shi ciki.

Ɗumin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. In zafi ya yi yawa, murjani shina fari, in abin ya daɗe ya mutu. Yawancin murjanin akwati suna bukatar haske mai ƙarfi, don akwai ƙananan tsirrai cikin jikinsu masu yi musu abinci.

In ruwan akwati ya ragu saboda zafi, da ruwa mai tsabta marar gishiri ake cikawa. Masu aikin gishiri a Bilma sun san dalili: ruwa ke tashi, gishiri shina nan. Gishirin miya kuma bai isa a haɗa ruwan teku ba. Akwai na musamman da ake saidawa.

Jatan lande da ƙaguwa suna yin saɓa kamar maciji. In an ga ɓawo kwance, ba gawa ba ce. Mai shi ya ɓuya ne har sabon jikinshi ya yi ƙwari. A ƙyale shi.

7. Abin riƙewa

Rigakafi ya fi magani. Sabon kifi ya yi wajen kwana 30 cikin akwatin jinya kafin ya shiga cikin ƴan'uwa. Sabuwar katantanwa da sabon murjani su ma a ware su, don ɓawon ƙwaro shina iya zuwa manne da su.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna tsakaninku:

Ina ƙwaron ke zuwa in fararen ɗigo sunka ɓace?

Don mi ba a zuba maganin jan ƙarfe cikin babban akwati?

Kwana nawa ake barin akwati ba kifi?

Jama'a, nan za mu dakata. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.